Fam 1,000 kan maƙala guda: hirarmu kan kyautar Malcolm Bowie

Rabi: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Rabi, ga Malam Habu ya riga ya cika tebur da takardu, ga kuma Isufu namu na Maraɗi. Ba za mu ja gaisuwa ba yau, don tun daren Talata wayata ba ta huta ba. Sanarwar nan da aka jefo a zaurenmu na WhatsApp, ta kyautar mujallar nan ta Ingila da ake ba maƙalar da ta fi kyau a nazarin Faransanci, ita ce ta hana mutane barci.

Isufu: Ni sai da na kashe ƙarar wayar, Yaya Rabi. Na farka da asuba na tarar har yanzu ana ta yi.

Rabi: Wani ya ce me ya haɗa Turawan Ingila da Faransanci. Wani ya ce ai Faransanci ya gama yayi a yankinmu, a bar maganar. Wata kuma ta ce ita kuɗin kawai take son a faɗa mata. Malam, daga ina za mu kama?

Malam Habu: Daga gyara za mu kama. Wanda ya turo sanarwar ya ce mujallar French Studies ce ke ba da kyautar. Ya kusa, amma bai kai ba. Mujallar ta fara fitowa a 1947, sau huɗu take fita a shekara. Ƙungiyar da ke riƙe da ita, Society for French Studies, sai a 1959 aka kafa ta, wato ƙungiyar malaman jami'o'in Birtaniya da Ayalan masu nazarin Faransanci. To ƙungiyar ce ke ba da kyautar, da sunan mutumin da ya taɓa zama babban editan mujallar. Kun ga mujalla ta girmi uwarta da shekara 12.

Isufu: 'Ya ta riga uwa zuwa duniya ke nan.

Malam Habu: Haka ya zo. Akwai dai wuraren da mujalla da kanta ke bayarwa, kamar Contemporary French Civilization da ke ba da kyauta da sunan Lawrence Schehr. A Amurka kuma masu tarihin Faransa suna da tasu, kyautar William Koren, ita ma ta maƙala ce. Amma wadda aka turo mana, ta Malcolm Bowie ce, kuma tun 2008 ake ba da ita duk shekara.

Rabi: Shi wannan Bowie ɗin wane ne? Don wani a zauren ya ɗauka mawaƙi ne.

Malam Habu: (dariya) Wancan daban. Wannan malami ne, an haife shi 1943, ya rasu a farkon 2007. Ya yi karatu a Edinbara da Sussex, ya daɗe yana koyarwa a Landan. Ya riƙe editan mujallar daga 1980 zuwa 1987. A 1992 ya hau kujerar farfesan adabin Faransanci ta Oksfod, wadda ake kira kujerar Marshal Foch, ya yi shekara 10 a kai, sannan ya koma Kambirij ya shugabanci kwalejin Christ's. Amma ni ba muƙaman ne suka sa nake girmama shi ba. Rubutunsa ne. Mutumin nan ya zaɓi marubutan Faransa da kowa ke gudu saboda wuya, irin su Mallarmé da Lacan da Proust, ya zauna ya yi bayaninsu da harshen da ɗalibi zai iya bi. Na karanta littafinsa kan Proust ina digiri na biyu, kwafin hoto ne ma wani malaminmu ya ara mini, shafuka biyu sun ɓace a tsakiya. Wallahi a nan na fara gane cewa sharhin adabi ba tara manyan kalmomi ba ne. Zai ɗauki jimla guda ya juya ta kamar yadda dillalin shanu ke zagaya sa a kara, ya duba haƙori, ya duba ƙafa, kafin ya ce komai.

Rabi: To sharuɗɗan fa? Don nan ne aka fi musu.

Malam Habu: Nan ne daɗin yake. Ba littafi ake nema ba, maƙala ce guda ɗaya, wadda ta fito a shekarar da ta gabata. Kuma ba ta manyan farfesoshi ba ce, ta sababbin hannu ce, masu digirin digirgir ko waɗanda ba su daɗe da gamawa ba. Za ka iya rubutawa da Faransanci ko da Ingilishi. Ba dole sai a mujallarsu ta fito ba, ko a ina aka buga ta a duniya ana karɓa. Ku kwatanta da ɗaya kyautar tasu, ta R. Gapper, wadda ake ba littafi. Waccan sai kana aiki a jami'ar Birtaniya ko Ayalan. Wannan kuwa ƙofa a buɗe take.

Isufu: Kuɗin, Malam. Baiwar Allah tana jira.

Malam Habu: Fam 1,000.

Isufu: Ya haura jika 700 na sefa ke nan, wato sefa 700,000.

Rabi: A naira kuma ana maganar wajen miliyan 2, gwargwadon canjin ranar.

Malam Habu: A wurinsu ba wani kuɗi ba ne, bai kai albashin wata na ƙaramin malami ba. Sunan ne abin nema. Ai ko Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, cakin yuro 10 ake ba mutum.

Rabi: Yuro 10? Malam, goma dai?

Malam Habu: Goma. Yawanci ma ba sa kai shi banki, sai su saka shi a firam su rataye. Amma washegari littafinka ya shiga kowane kanti. Lokacin da Mohamed Mbougar Sarr ɗan Senegal ya ci a 2021, ai kun ga yadda sunansa ya zagaya duniya. Ita ma wannan haka take a ƙaramin fagenta. Yaro ya gama digiri, mutum ɗari suna neman gurbi guda, sai a ga layi ɗaya a takardarsa cewa maƙalarsa ce ta fi ta kowa a shekara kaza. Shi ke nan an ja takardarsa gefe.

Isufu: Malam, kun ambaci Proust. Shi ne mai wainar nan ko?

Malam Habu: Ba waina ba ce, madeleine ce.

Isufu: Ai waina ce ta Nasara.

Rabi: Ku tsaya, ni ba ku sa ni a hanya ba.

Malam Habu: Wani ɗan ƙaramin kek ne mai siffar ɓawon kifin teku. A farkon babban littafin Proust, mai ba da labarin ya tsoma shi a shayi ya kai baki, sai ƙuruciyarsa gaba ɗaya ta dawo masa, gidan gwaggonsa, titin garin, lambu, komai. Daga wannan loma aka yi littafi mujalladi 7, na farko ya fito 1913, na ƙarshe 1927, bayan mutuwarsa.

Rabi: Mujalladi 7 daga loma ɗaya! To ni da alkaki ne. Ina jin ƙamshin alkaki da zuma, sai in ga ɗakin kakata a Gwammaja, da jeren tasoshinta, har da kyanwar da ke kwana ƙarƙashin gado.

Isufu: Alkaki na masu gari ne. Ni kopto ne. Zogale da ƙuli-ƙuli, a takarda, ƙofar lakwal, wato makaranta, ƙarfe goma na safe.

Rabi: Kwaɗo dai kake nufi.

Isufu: Kopto. Na Nijar ya fi yaji.

Rabi: Kwaɗon zogale ne, ka canza masa suna don a ce na waje ne.

Isufu: Yaya Rabi, ki zo Maraɗi ki ci, sannan mu yi magana. Akwai wata tsohuwa da ke saida shi bakin ƙofa, tana ɗiba da murfin kwano. In mushe ya fito ya gan mu sai mu ɓoye a aljihu, man ya ɓata wando.

Rabi: In wa ya fito?

Isufu: Mushe.

Rabi: (dariya) Ga shi nan kuma! Jama'a, duk sati sai mun yi wannan. Isufu, mushe a Kano fa abin da ya mutu ba yanka ne.

Isufu: Mu kuma malamin lakwal ne. Monsieur ne baki ya tauna ya zama mushe.

Malam Habu: Ranar da na fara zuwa Damagaram taro, wani ɗalibi ya tare ni da fara'a ya ce, sannu da zuwa babban mushe. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma yana ta murmushi, yana ganin ya gama girmama ni.

Rabi: Babba ma! Ba ƙarami ba!

Isufu: Ai girma ne, Malam. In an ce babban mushe, an kai ƙarshe.

Rabi: To in farfesa ne fa? Mushen giwa?

Isufu: Yaya Rabi, za ki sa 'yan Nijar su daina sauraronmu.

Rabi: Ba za su daina ba, su ne suka fi kowa turo saƙo. Wani ma daga Tawa ya ce in na ƙara dariyar mushe zai aiko mini da jerin kalmomin Kano da ke ba su dariya.

Isufu: Ya aiko, ni zan karanta da kaina. Mu ce kaye ku ce littafin rubutu, mu ce montur ku ce agogo, mu ce balo ku ce ƙwallo...

Malam Habu: Wannan jerin da kake yi, ka san maƙala ce? Yadda Hausa ta haɗiye kalmomin Faransanci ta sake musu kama, da abin da hakan ke nunawa game da wanda ya riƙe iko a lakwal da bariki da asibiti. An yi rubutu a kai, amma ba a ƙure ba.

Rabi: Malam ya dawo da mu hanya da dabara. To tambayar da ta fi yawa ita ce, tunda ƙofa a buɗe take, me ya sa ba mu jin namu suna shiga? Muna da sassan Faransanci a Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri. Nijar kuma ba a magana, ga jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ga ta André Salifou a Damagaram, ga ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi.

Malam Habu: Bari in faɗi abin da na gani da idona. Cikin abokan aikina da ɗalibaina, ban taɓa ganin wanda ya tura ba. Kuma ba rashin kai ba ne, wallahi ba shi ba ne. Matsalar tana can baya, tun kafin a zo maganar kyauta. Kafin maƙala ta yi takara a irin wannan wuri, sai ta sha wuya a hannun masu tantancewa. Ni na taɓa tura maƙala wata mujalla a waje. Wata 8 ban ji komai ba. Ranar da amsa ta zo ina ofis, wuta ta ɗauke, a waya na buɗe. Mutum biyu suka karanta, ba su san sunana ba, ban san nasu ba. Na farko ya rubuta rabin shafi. Na biyu ya rubuta shafi 4, da lamba da lamba. Ya ce a shafi na 6 ka ce marubucin yana sukar mulkin mallaka, amma jimlar da ka kawo ba ta bakinsa ba ce, ta bakin wani mutum ce cikin labarin, wanda marubucin ke yi wa ba'a. Na koma na buɗe littafin. Gaskiyarsa. Shekara 3 ina koyar da wannan littafin a haka.

Isufu: Kai, Malam.

Malam Habu: Na yi kwana biyu raina a ɓace. A na uku na zauna na fara gyara. Sau 3 na sake rubuta ta, ta fito bayan kusan shekara 2. Har yau ita ce abin da na fi alfahari da shi cikin duk abin da na rubuta. To a daidai wannan lokacin, wani abokin aikina ya fitar da maƙala 6. Ka tura ranar Litinin, a ce ka biya kuɗin tantancewa, ka biya kuɗin bugawa, bayan sati biyu ga takardar karɓa, ko waƙafi ba a taɓa ba. Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka ƙirga. Shi 6, ni 1. Kun san wanda ya wuce.

Rabi: Kuma ba za ka zarge shi ba.

Malam Habu: Ko kaɗan. Yana da iyali, yana da aji mai ɗalibi ɗaruruwa a kwas ɗin gama-gari, yana duba kundin ɗalibai fiye da goma. Tsarin ne ya ce masa ƙirga ake yi, ba a aunawa. In ka ce wa manomi buhu za ka ƙirga ba za ka buɗe ba, kada ka yi mamaki in ka tarar da ƙaiƙayi. Wannan ne ya sa kyautar nan ta tsaya mini a rai. Cewa take yi, kawo guda ɗaya. Ɗaya tak, wadda ka zuba mata komai.

Isufu: Akwai kuma maganar karatu, Malam. Ba ka iya rubuta abin da zai shiga irin wannan mujalla in ba ka karanta abin da suke bugawa ba. Ni in na ga maƙala ta yi daidai da aikina, sai in latsa, sai a ce in biya. Kuɗin maƙala guda ya kai cefanen sati biyu. Wani abokina da ke karatu a Liyon nake roƙo, ya sauko da ita da rajistar jami'arsu ya turo mini. Wata rana ya yi, wata rana kunya ta hana ni sake tambaya.

Malam Habu: Ka taɓo wurin da ke ciwo. Mai tantancewa zai ce ba ka ambaci muhawarar da aka yi shekara 5 da suka wuce ba. Ta yaya za ka ambaci abin da aka kulle maka? Akwai dai African Journals Online, shafin intanet da ke tara mujallun Afirka, ya taimaka wajen ganin aikin junanmu, kuma wasu mujallun waje sun fara buɗe ƙofa kyauta. Sannan ku koyi rubuta wa marubucin kai tsaye. Ni ban taɓa roƙon wani malami maƙalarsa ya hana ni ba. Murna ma suke yi an nema.

Isufu: To amma bari in faɗi abin da ke cina, don ni ina cikin waɗanda suka yi musu a zauren. A watan Maris na 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, tare da Mali da Burkina Faso. Sabon kundin ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki ne. An sauya sunayen tituna a Yamai. Ƙannena suna tambayata, kai har yanzu adabin Faransa kake karantawa? Yanzu kuma in ce musu ina neman Turawan Ingila su yaba mini kan Faransanci? Abin yana mini nauyi a baki.

Malam Habu: Na ji ka, ƙanena, kuma ba zan ce ba ka da hujja ba. Amma ka duba su waye suka kafa mujallar nan. Ingila da Faransa sun yi ɗaruruwan shekaru suna yaƙi. Ba don sun zama bayin Faransa suka zauna nazarinta ba. Maƙwabci ne mai ƙarfi, dole ka san yadda yake tunani. Nazarin Faransanci daban, son gwamnatin Faransa daban. Kuma fagen ya faɗaɗa. Da can tsofaffin marubutan Faransa ne kawai, Racine da Molière da Balzac. Yanzu ka buɗe irin waɗannan mujallu za ka ga Aljeriya, Haiti, Senegal, fim, tarihin bauta, ƙaura. Har ƙungiya guda suke da ita a Birtaniya ta nazarin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka. Suna rubutu a kanmu, Isufu. Ko mun shiga ko ba mu shiga ba, ana yi.

Rabi: Wannan ita ce maganar.

Malam Habu: Ɗauki 1899. Ayarin Voulet da Chanoine, hafsoshin sojan Faransa biyu da suka ratsa ƙasar da ake kira Nijar yanzu. A watan Afrilu suka afka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu. A watan Mayu suka yi kisan Birnin Ƙonni. A watan Yuli, da Faransa ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi kusa da Dankori, bayan 'yan kwanaki sojojinsu suka kashe su biyun a wajajen Maijirgi. Ragowar ayarin ya wuce ya ci Damagaram a ƙarshen watan. Takardun mulkin mallaka na Faransa suna ajiye a garin Aix-en-Provence na Faransa, da Faransanci. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarin Sarauniya a 1980, da Faransanci, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986. To wa ya fi cancanta ya ajiye rahoton soja a dama, littafin Mamani a hagu, sannan ya je Lugu da Ƙonni ya zauna da tsofaffi ya ji yadda aka gada a baki? Wanda ke Oksfod sai ya nemi tafinta. Kai kuwa mota ɗaya za ka shiga daga tashar Maraɗi. Za ka ji inda tsohuwa ta yi shiru, ka san me shirun ke nufi. Za ka ji kirari ka san wa ake zagi a ciki. Wannan ba a koyon shi a laburare.

Isufu: Na yarda da wannan. Kakan mahaifiyata daga wajen Ƙonni yake, kuma a gidanmu ba a cewa Voulet, ana cewa zamanin da aka cika rijiyoyi. Tun ina yaro nake jin haka, sai da na girma na gane da me aka cika su.

Rabi: Innalillahi.

Isufu: Amma Malam, ga inda na tsaya. In na rubuta, da Faransanci ko Ingilishi zan rubuta, don su ne sharaɗi. Tsohuwar da ta ba ni labarin ba za ta taɓa jin abin da na ce ba. Jikanta ma da ya yi lakwal ba zai iya buɗe mujallar ba sai ya biya. Na ɗauko daga gida na kai waje, an tafa mini a waje. Gida fa?

Malam Habu: Wannan ba ni da amsar da za ta gamsar da kai gaba ɗaya. Kyauta ce ta nazarin Faransanci, ba za ka ce su karɓi Hausa ba, kamar yadda gasar Hikayata ba za ta karɓi Faransanci ba. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, bashi ne. In ka buga a waje, ka dawo ka faɗe shi da Hausa, a rediyo, a jarida, a irin wannan shiri. Rubutu biyu ne, kuma na biyun ya fi wuya, don a nan ba ka da manyan kalmomin da za ka laɓe a bayansu.

Isufu: Sai dai na biyun ba a ƙirga shi wajen ƙarin girma.

Malam Habu: Ba a ƙirgawa. Kuma ya kamata a ƙirga.

Rabi: A Najeriya ma ai an yi ta faɗi-tashi da Faransancin nan. Ba Abacha ne ya ce ya zama harshen hukuma na biyu ba?

Malam Habu: A 1996. Kafin nan an buɗe ƙauyen koyon Faransanci na Badagry a 1991, inda ɗalibanmu ke zuwa su yi zaman nutsewa cikin harshen. An faɗa a baki, amma je makarantar sakandaren gwamnati ka nemi malamin Faransanci ka gani. Alhali Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, masu aiki da Faransanci, duk sun kewaye mu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya fi wasu jami'an gwamnati sanin amfaninsa. Kuma kada ku ɗauka su can suna cikin daɗi. Jami'o'in Birtaniya da dama sun rage ko sun rufe sassan harsuna, yara masu ɗaukar Faransanci a ƙarshen sakandare sun ragu sosai. Kyautar nan ma wani ɓangare na riƙe matasa ne kada su gudu daga fagen. Malami ya mutu, abokansa ba su gina masa mutum-mutumi ba, suka ce duk shekara a nemo yaro ɗaya a ce masa aikinka ya yi kyau, ci gaba. Wannan nake so mu kwaikwaya. Muna da ƙungiyar malaman Faransanci na jami'o'i, muna da mujallu a kusan kowace tsangaya. Me zai hana mujalla guda ta ce, duk shekara za mu zaɓi maƙala ɗaya ta ƙaramin malami? Ko naira 100,000 ce. Mu ma muna da malaman da suka rasu waɗanda suka cancanci a sa sunansu.

Rabi: Malam, ka san abin da masu sauraro za su ce. Ɗalibin shugaban kwamiti ne zai ci.

Malam Habu: Sai a cire suna. A kawo alƙalai daga wata jami'a, ɗaya daga Yamai, ɗaya daga Ngaoundéré ta Kamaru, ɗaya daga Ibadan. A kuma rubuta dalili a fili, sakin layi biyu, ga abin da ya sa wannan ta fi. Rubuta dalilin nan shi ne rabin amfanin, don yaran da ba su ci ba za su karanta su ga me ake nufi da aiki mai kyau. Yanzu wa ke gaya musu? Ni sai da baƙon da ban san sunansa ba ya rubuto mini shafi 4...

Rabi: Malam, mai ɗaukar sauti yana ta ɗaga mini hannu, masu shiri na gaba suna bakin ƙofa. Mun yi alkawarin kawo matakai biyar na shirya maƙala don irin wannan gasa, ga takardar ma a hannun Malam.

Malam Habu: Bari in faɗi na farko kawai. Ka zaɓi tambaya ƙarama. Kada ka ce za ka yi mace a adabin Afirka, ɗauki littafi guda, ko babi guda...

Rabi: Sauran sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Mai son sharuɗɗan bana ya duba shafin ƙungiyar da kansa, don ranar rufewa tana nan a sanarwar. Isufu, kalma ɗaya.

Isufu: Mutumin Tawa ya aiko da jerin nan. Kuma a kawo alkaki, ni zan zo da kopto.

Rabi: Kwaɗo. Sai mun haɗu, jama'a. Malam, a bar musu tebur.